Yadda ake zaɓen salon wasa da tattala jari a wasannin gina filin shaƙatawa

Ranar da na fara buga RollerCoaster Tycoon, dala 10,000 na gani a kusurwar allo, na ɗauka kuɗi ne da ba za su ƙare ba. Kafin wata na biyu na cikin wasan ya wuce na zuba kusan dukkansu a kan kosta guda ɗaya, wato jirgin nan da ake ja zuwa ƙololuwar dogo sannan a sake shi ya gangaro a guje. Da na buɗe ta, baƙi suka zo bakin layi, suka dube ta, suka juya. Ta yi musu tsanani. Albashin ma'aikata yana fita, kuɗin gudanarwa yana fita, babu abin da ke shigowa. Abin ya yi mini ciwo, domin na shafe sa'o'i ina lanƙwasa dogon nan. Sai daga baya, da na buɗe shafin kuɗi, na ga ashe 10,000 ɗin ma ba nawa ba ne, rance ne banki ya ba ni.

Tun daga ranar nake wa kuɗin farawa wani kallo dabam. Lokaci ne aka ba ka, watanni kaza na numfashi kafin filin ya fara ciyar da kansa. Salon wasan da ka zaɓa kuma shi ke yanke yawan watannin. A kan wannan na gina duk matakan da ke ƙasa.

Mataki na farko: san salon da kake shiga

Salo uku za ka ci karo da su a wasannin nan, ko da sunayen sun bambanta.

Akwai salon fage-fage. A Planet Coaster da RollerCoaster Tycoon 3 za ka ga an rubuta Career, a Parkitect kuma Campaign. A nan ana miƙa maka fili, a ba ka jari, a gindaya maka sharaɗi, sau da yawa har da wa'adi. Fagen farko na RollerCoaster Tycoon, wasan da Chris Sawyer ya rubuta ya fito a 1999, sunansa Forest Frontiers: ka tara baƙi 250 zuwa ƙarshen Oktoba na shekarar farko, kuma makin filin kada ya gaza 600. Na biyunsa, Dynamite Dunes, baƙi 650 ake so zuwa ƙarshen shekara ta uku. Makin fili yana tafiya ne daga 0 zuwa 999, kuma shi ke nuna yadda baƙi ke jin daɗin wurin. A RollerCoaster Tycoon 3, na 2004, kowane fage hawa uku ne na buri, kana gama ɗaya a ɗora maka wanda ya fi shi. Planet Coaster, wanda kamfanin Frontier ya fitar a 2016, taurari yake bayarwa: tagulla, azurfa, zinariya.

Akwai salon ƙalubale, wanda Planet Coaster ke kira Challenge. Fili ne fayau babu komai a cikinsa, jari kaɗan, kayan lilo 'yan ƙalilan, sauran sai ka biya kuɗin bincike kafin a buɗe maka. Kai ne za ka zaɓi matakin wahala, kuma iya tsananin da ka zaɓa, iya yadda aljihu zai matse ka.

Sai salon ganin dama, Sandbox. Sunan daga akwatin yashin da yara ke gini a ciki aka samo shi. A Planet Coaster na farko kuɗi ba su da iyaka a nan, kuma kayan lilo a buɗe suke tun daga farko. Amma kada sunan ya ruɗe ka, ba kullum yake nufin abu ɗaya ba. A Theme Park na kamfanin Bullfrog, na 1994, Sandbox shi ne mafi sauƙin matakai uku, an ɗauke maka dawainiyar bincike da cinikin albashi, amma lissafin kuɗi yana nan daram. A Planet Coaster 2, na 2024, kai ke saita ko tattalin kuɗi zai yi aiki a salon ko a'a. Don haka ka karanta bayanin da ke ƙarƙashin sunan kafin ka danna.

Shawarata ga sabon shiga ɗaya ce, kuma da gaske nake: ka fara da fage-fage. Na san ganin dama ne ke jan hankali, kowa yana son ya gina abin da ransa ke so ba tare da banki ba. Sai dai wanda ya fara da kuɗi marasa iyaka ba ya taɓa sanin dalilin da ya sa baƙi ke ƙin lilonsa, domin ƙin nasu ba ya taɓa masa aljihu. Zai gina ƙatuwar kosta, ta zauna babu kowa, ya gina wata, ita ma haka, ya gaji ya rufe wasan yana cewa babu daɗi. Ƙarancin kuɗi ne ke tilasta maka sauraron baƙi, sauraron baƙi kuwa shi ne wasan.

Mataki na biyu: karanta fagen kafin ka ɗora ko tubali ɗaya

Da an buɗe maka fili, tsayar da lokaci. A Planet Coaster kana iya gini alhali agogo a tsaye yake. A RollerCoaster Tycoon na ɗaya da na biyu ba a gini sai agogo na tafiya, amma kana iya duba komai, kuma dubawar ce aikinka yanzu.

Fara da sharaɗin. Yawan baƙi ake so? Darajar filin ce a kuɗi? Wani adadin kuɗin shiga ne a wata? Biyan bashi ne? Kostoci kaza ake so masu maki kaza? Kowanne da inda yake son ka zuba jari. Wanda ake nema wa yawan baƙi yana buƙatar lilo da yawa da talla. Wanda ake nema wa darajar fili yana buƙatar sababbin manyan kaya, domin darajar lilo tana raguwa yayin da yake tsufa.

Sannan wa'adi. A RollerCoaster Tycoon na ɗaya da na biyu shekara wata takwas ce kacal, daga Maris zuwa Oktoba. Idan an ce maka shekara uku, wata 24 ke nan, ba 36 ba. Mutane da yawa sun faɗi fage saboda wannan lissafin kawai.

Sai shafin kuɗi. Lambobi uku za ka nema: abin da ke hannunka, bashin da ke kanka, da iyakar abin da banki zai yarda ya ƙara maka. Ka cire na biyu daga na farko. A yawancin fagagen wasan na 1999 amsar sifili ce, domin 10,000 da ke hannu su ne 10,000 na rance. Ka duba kuma kuɗin ruwan da aka ɗora, domin a RollerCoaster Tycoon 2, na 2002, ya bambanta daga fage zuwa fage.

Abu na huɗu shi ne wanda aka fi mantawa: ta ina kuɗi ke shigowa a wannan fagen? RollerCoaster Tycoon na farko ya bar ka ka karɓi kuɗin ƙofa kuma ka karɓi kuɗin kowane lilo. Na biyun ya raba su: ko dai shiga kyauta a biya kowane lilo, ko a biya a ƙofa a hau komai kyauta, kuma fagen ne ya zaɓa maka. Waɗannan hanyoyi biyu wasanni ne mabambanta a cikin riga ɗaya. Zan dawo kan wannan a wajen farashi.

A ƙarshe ka zagaya filin da idonka. Ina iyakar ƙasarka? Akwai wadda za a iya saye? An hana sare itatuwa, ko gyara tudu, ko gini mai tsayi? Idan akwai tsofaffin lilo da aka bar maka, buɗe kowanne ka ga ko yana kawo riba, ko kuwa lalacewa kawai yake yi.

Mataki na uku: mayar da jarin zuwa watanni

Wannan ɗan lissafi ne da ba ya cin minti biyu. Ka tara duk abin da zai fita kowane wata ko baƙo ɗaya bai shigo ba: albashi, bincike, kuɗin gudanar da lilo da rumfuna, kuɗin ruwa.

Ga misali daga RollerCoaster Tycoon 2. Mai shara yana karɓar 50 a wata, bakanike 80, mai gadi 60, mai ba da nishaɗi 55. Bincike hawa huɗu ne: babu, 100, 200, ko 400 a wata. Idan ka ɗauki masu shara uku da kanikawa biyu, ka sa bincike a ƙololuwa, 150 da 160 da 400 sun zama 710 kowane wata, tun ba a zo kan kuɗin gudanar da lilon ba. A shekarar wasa ɗaya 5,680 ke nan. Wanda ya fara da 10,000 ya ga inda fiye da rabin jarinsa zai bi idan filin bai fara kawo komai ba.

Abin da nake yi shi ne in ware kuɗin wata biyu na irin wannan fita, in ɗauka kamar babu su. Ragowar ne jarin gini. A wasu wasannin, idan asusunka ya faɗa ƙasa da sifili ba ka iya shimfiɗa ko taku ɗaya na hanya. Babu abin da ya kai wannan ban takaici: kostarka saura gaɓa uku ta haɗe, kuɗi sun yanke, ga ta nan tsaye ba ta kawo ko sisi.

Mataki na huɗu: kashe kuɗin farko

Kowane abu da za ka saya a watannin farko, tambaya ɗaya za ka yi masa: yaushe za ka dawo mini da kuɗina? Wanda ba shi da amsa ya jira.

Ka fara kusa da ƙofa. Hanya gajera, madaidaiciya, wadda baƙo ba zai ɓata a cikinta ba. Doguwar hanya kuɗin shimfiɗa ce, kuma ƙarin mai shara ce. A tsofaffin wasannin RollerCoaster Tycoon baƙi suna rikicewa a faffaɗan dandali, don haka siririyar hanya ta fi musu.

A gefenta ka kafa ƙananan lilo biyu ko uku masu arha, irin lilon dawakai mai zagayawa da ƙaton gargaren nan da ke ɗaga mutane sama. Ba su ne za su azurta ka ba, amma suna buɗewa nan take, su fara jawo mutane yayin da kake babban gini. A RollerCoaster Tycoon kowane lilo da ke buɗe yana ƙara yawan baƙin da filin zai iya jawowa, kosta kuma ta fi ƙaramin lilo ƙarawa nesa ba kusa ba.

Sai banɗaki ɗaya, rumfar abinci ɗaya, rumfar abin sha ɗaya, da rumfar bayani mai sayar da taswira da laima. Ka sa benci da kwandon shara kusa da wurin ci, da kuma bakin fitar duk wani lilo mai juya ciki. Waɗannan ƙananan kaya ne, amma su ke riƙe makin fili. A Parkitect akwai ƙarin aiki: rumfuna ba sa cika da kansu, sai 'yan dako sun ɗauko kaya daga ma'ajiya, baƙi kuma ba sa son ganin wuraren ma'aikata. Saboda haka a can ka jera rumfunan wuri ɗaya kusa da ma'ajiya, ka kare bayansu da shinge.

Yanzu kosta ta farko. A nan ne jari ke rayuwa ko ya mutu, don haka zan ɗan daɗe.

Kada ta ci fiye da rabin jarin gininka. Ka yi ta gajera. Doguwar kosta tana da kyan gani, amma kuɗi ba a tsawo suke ba, suna cikin yawan mutanen da suka hau. Ɗauki misali: jirgi mai kujeru 16 da ke dawowa tasha bayan minti ɗaya zai kwashi mutum 16 kowane minti. Wanda ke yin minti uku a dogo, idan jirgi ɗaya ne, kashi ɗaya cikin uku na wannan zai kwasa, alhali ka biya ninkin kuɗin gini. Shi ya sa tsoffin 'yan wasa ke ƙaunar ƙaramin zanen nan da ake kira Shuttle Loop: ba ya cin fili, ba ya cin kuɗi, layinsa kuma ba ya tsayawa.

Idan hannunka bai faɗa ba tukuna, ɗauki zanen da wasan ya riga ya tanada. Babu abin kunya a ciki. Za ka ga kuɗinsa da makinsa tun kafin ka kafa, abin da ba za ka samu ba idan kai ke zanawa.

Idan kuwa da kanka za ka zana, to ka gwada ta babu kowa a ciki kafin ka buɗe, ka duba maki uku. A RollerCoaster Tycoon su ne armashi, tsanani, da tashin zuciya. A Planet Coaster tsoro ne a madadin tsanani. Armashi kake so ya hau, sauran biyun su tsaya tsaka-tsaki. A RollerCoaster Tycoon, da zarar tsanani ya haura 10, kusan kowa zai ƙi hawa, kuma armashin ma faɗuwa yake yi. Abin da ya kashe kostata ta farko ke nan. Yawanci laifin kwana ce mai kaifi da jirgi ya shiga a guje. Ka faɗaɗa kwanar, ka karkata dogon, ko ka kai ta inda gudu ya ragu. Idan wasan ya ba da gaɓar ɗaukar hoto a kan dogo, saka ta, kuɗin hoto ƙari ne da ke shigowa ba tare da ka sake yin komai ba.

Abubuwan da za su jira: haƙa tafki, tayar da tudu, sayen ƙasa, jirgin zagaya fili, da manyan gine-ginen ado. Gyaran ƙasa musamman yana shanye kuɗi shiru, ba ka ankara ba. Ado kaɗan yana da amfani, a Planet Coaster ma ƙawata gefen layi yana ɗaga martabar lilo, amma 'yan itatuwa da duwatsu sun isa a farko.

Ma'aikata kuma daidai ruwa daidai tsaki. Bakanike ɗaya ya isa lilo uku ko huɗu idan suna kusa da juna. A RollerCoaster Tycoon ka hana masu shara yankan ciyawa idan an kunna musu, in ba haka ba za su bar hanya cikin ƙazanta su tafi gyaran lambu. Ka shata wa kowa yankinsa. Ka rage tazarar da bakanike ke duba lilo daga minti 30 zuwa 10, domin lilon da ya lalace kuɗin gudanarwa yake ci ba ya kawo komai. A Planet Coaster ma'aikaci yana iya ajiye aiki idan ransa ya ɓaci, don haka ka riƙa leƙa halin da suke ciki.

Mataki na biyar: farashi

Mafi yawan waɗanda ke kukan jari ya yi musu kaɗan, ba jarin ne matsalarsu ba, arha suke sayarwa. Farashin da wasan ke sa wa sabon lilo da kansa sau da yawa ƙasa yake da abin da baƙi za su yarda su biya.

Idan fagenka na biyan kowane lilo ne, ga yadda ake yi. Buɗe lilon, ka ɗaga farashin kaɗan, ka jira, ka buɗe shafin tunanin baƙi. Muddin suna cewa abin ya yi arha, ƙara. Ka ci gaba har sai ka ga sun fara cewa ba za su biya wannan kuɗin ba, sannan ka sauko taki ɗaya ko biyu. Nan ne farashinka. Ba na dindindin ba ne fa. Sabon lilo yana da farin jini a watanninsa na farko, daga nan darajarsa ta riƙa sauka. Duk lokacin da ka ga layin da ke cika ya zama wayam alhali lilon lafiyarsa ƙalau, farashi za ka fara dubawa. Ni duk farkon wata nake bin jerin lilon ɗaya bayan ɗaya.

A irin wannan fagen aljihun baƙo ma abin lura ne. Wasan 1999 ba shi da na'urar cire kuɗi, baƙon da kuɗinsa suka ƙare sai yawo kawai. Na 2002 ya kawo ta, kuma idan tana cikin jerin kayanka, ka kafa ta da wuri.

Idan fagen na biyan ƙofa ne, lissafin ya juya. Kowane baƙo sau ɗaya zai biya ka, don haka sababbin fuskoki kake buƙata. Danna baƙi goma ko fiye da ke tahowa ƙofa, ka ga nawa kowanne ya riƙo. Mafi ƙarancin abin da ka gani shi ne rufin farashinka, domin wanda kuɗinsa bai kai ba juyawa zai yi. Da lilo uku ba za ka kai rufin nan ba, za su ce ƙofa ta yi tsada. Kana ƙara lilo, kana ɗaga ƙofa, har ka kai.

Inda aka yarda ka karɓi duka biyun, ka sani baƙon da ya biya a ƙofa ba ya yarda ya biya lilo da tsada. Zaɓi ɗaya ya zama babbar hanyar kuɗinka, ɗayan ya zama ɗan ƙari.

Rumfuna ma a taɓa su. Laima tana tsada idan ruwa ya sauko, baƙi kuma za su saya. A Theme Park na 1994 har gishirin soyayyen dankali kana iya ƙarawa don ƙishirwa ta kora mutane rumfar abin sha. Banɗaki dai ni ban cika sa masa kuɗi mai yawa ba, domin abin da zai kawo bai kai ɓacin ran da zai jawo ba.

Mataki na shida: rance

Mutane kashi biyu ne a nan, kuma duka suna kuskure. Wasu na ganin iyakar rance sai su kwashe duka ranar farko, kuɗin su zauna a asusu ana cire musu ruwa a banza. Wasu kuma tsoron bashi ya sa su zauna da lilo huɗu shekara guda suna tara sisi-sisi, wa'adi ya cim musu.

Ƙa'idata ita ce: ba na karɓar rance sai na san sunan abin da zan gina da shi, na san kuɗinsa, kuma na tabbata zai kawo fiye da kuɗin ruwan. Kosta ta biyu a fili mai cike da baƙi ta cancanci rance. Albashi bai cancanta ba. Wanda ke rance don biyan ma'aikata, filinsa ne ke ciwo, rancen kuma jinkirta ganin ciwon kawai zai yi. A RollerCoaster Tycoon dubu-dubu ake karɓa, dubu-dubu ake mayarwa, a duk lokacin da ka so. To ka karɓi daidai buƙata a lokacin gini, kuma duk sanda kuɗi suka taru ba ka da abin ginawa nan kusa, mayar da su, ka sake karɓa idan buƙata ta taso. Idan ruwan fagen ƙanƙani ne kuma wa'adi gajere, kada ka damu da biya, gini ya fi. Idan ruwan mai nauyi ne, ko sharaɗin fagen shi ne biyan bashin, sai ka juya.

Mataki na bakwai: bincike da talla

Bincike, ka kashe rukunan da ba ka buƙata, ka bar kuɗin su bi ta inda kake so. Idan ba ka da rumfar abin sha ko ta bayani, rumfuna ne farko. Idan kana da su, kostoci da lilo masu motsa jini. Ranar da ka ga kana da kayan da ba ka ma iya ginawa ba saboda rashin kuɗi, tsayar da binciken.

Talla kuwa sai filin ya shirya karɓar baƙi. Kiran mutane zuwa wurin da layi ya cushe, hanya ta ƙazantu, kuɗi ne ka biya don makinka ya faɗi. Inda talla ta fi amfani shi ne watannin ƙarshe na fagen da ke neman yawan baƙi. A RollerCoaster Tycoon kamfe ɗaya yana ɗaukar mako biyu zuwa shida, sai ka lissafa ya ƙare daidai da wa'adi.

Idan asusu ya riga ya yi ja

Kada ka yi saurin sake fagen daga farko. Tsayar da bincike da talla nan take. Buɗe jerin lilo, ka tsara shi bisa riba, ka rufe ko ka rushe duk wanda ke cin kuɗi, rushewa tana dawo maka da wani kaso. Sallami ma'aikacin da ba shi da aiki. Sake bin farashi, domin sau da yawa za ka tarar da lilo biyu da suka yi tsada babu mai hawa, da wasu biyu da kake bayarwa kusan kyauta. Daga nan ka bar agogo ya yi wata ɗaya ba ka gina komai ba, ka ga ko layin riba ya koma sama. Fili da yawa na ceto da wannan kaɗai.

Mataki na ƙarshe: yanka wa kanka jari

Bayan ka ci fage biyar ko shida, za ka fara jin sharuɗɗan wasu sun ishe ka. Lokacin ganin dama ya yi. Sai dai ina roƙonka kada ka shiga hannu sake gaba ɗaya, sai in zane da ado kawai ka zo yi, wanda shi ma sana'a ce mai zaman kanta kuma ina girmama masu yin ta.

Masu yin wasannin ma sun gane cewa cire kuɗi yana buƙatar wani abu a madadinsa. A fagen Arid Heights na RollerCoaster Tycoon babu iyakar kuɗi, amma ana son baƙi 2,000, kuma makin fili kada ya sauka ƙasa da 700. Idan ya sauka za a yi ta yi maka gargaɗi, in bai farfaɗo ba cikin kusan mako huɗu a rufe filin. An cire maka banki, an ɗora maka baƙi.

Kai ma kana iya haɗa naka. RollerCoaster Tycoon 2 ya zo da wurin tsara fage, haka ma OpenRCT2, sabon ginin wasan da masu sa kai suka fara a 2014. A can kai ke rubuta kuɗin farawa, da rancen farko, da iyakarsa, da ruwansa, da abin da baƙi za su riƙo a aljihu, da kuma ko ƙofa za a biya ko lilo. Parkitect da Planet Coaster su ma suna da nasu wurin tsara fage.

Ga yadda nake yanke adadin. In duba kuɗin mafi arhar kosta mai kyau a cikin kayan da zan fara da su. In tara kuɗin ƙananan lilo uku, rumfuna huɗu da hanya. In ƙara fitar wata biyu. Jimillar ita ce jari na tsaka-tsaki. Idan ina son wasa mai sauƙi, in ninka ta biyu. Idan ina son in sha wuya, in cire kuɗin kostar gaba ɗaya, in bar ta sai ƙananan lilo sun tara mini, ko sai na je banki. Iyakar rance kuma ina sa ta daidai kuɗin kosta biyu, domin fiye da haka yana mayar da fagen ganin dama ta bayan gida.

Abu ɗaya da za ka kiyaye wajen tsarawa: idan ka rage jari, kada ka rage kuɗin aljihun baƙi a lokaci guda. Na taɓa haɗa su biyun a fage ɗaya na biyan ƙofa, rufin farashin ya yi ƙasa ƙwarai, har filin ya cika da mutane amma abin da ke shigowa bai wuce albashi ba. Na mayar da aljihun baƙi yadda yake, na bar jarin a ƙanƙance, a wata na biyar na kafa kosta ta farko da kuɗin da ƙofa da rumfar laima suka tara.